Daga Lagdo Zuwa Marwa, Inda Taswirar Haidurojin Ba Ta Kai Ba

Mutumin Jimeta ba ya buƙatar a gaya masa mece ce Lagdo. Duk shekara, da damina ta yi nisa, sai sunan ya fara yawo a rediyo da teburin mai shayi: an ce Kamaru za ta saki ruwan madatsarta da ke kan kogin Binuwai. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba ya ɗaukar maganar da wasa. Sai dai a cikin masu ambaton sunan, kaɗan ne suka taɓa taka wurin, ni ma kuma sai a hunturun da ya wuce Allah ya nufa.

Sana'ata haɗa sola ce, galibi ta rijiyar burtsatse da ta masu noman rani. Yayata tana aure a Garwa, ɗanta na fari kuma yana karatu a babbar makarantar fasaha ta Jami'ar Marwa, sashen makamashi mai sabuntawa. Yaron nan ya hana ni sakat da saƙonni a WhatsApp a kan haidurojin, wata iska mai kama wuta da ake iya rabawa daga ruwa, har ya ce in ban zo na gani ba sana'a za ta wuce ta bar ni. Da bikin ƙanwarsa ya taso, sai na ce wa maiɗakina kada ta sa ran dawowata da wuri.

Mun tsallaka iyaka muka bi ta Gashiga. Ba wani abin faɗa a hanyar sai shingayen jandarma, da neman katin allurar shawara, da yadda damin naira ya koma ƴan takardun sefa a hannuna. Kwalaben fetur na nan jere a bakin titi, wanda a can suke kira zuwa-zuwa, amma direbanmu ya ce tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 harkar ta daina daɗi, shi da masu acaba duk sun ji a jikinsu.

Gidan Adda, yayar tawa ke nan, yana Hausari. A kasuwa Fulatanci ake yi, a ofis Faransanci, a zaure da masallaci Hausa, kuma yaro ɗan shekara bakwai yana juya ukun ba tare da ya san ya sauya ba. Daren farko muna cikin cin tuwo wuta ta ɗauke. Ba wanda ya ɗaga kai. Adda ta miƙa hannu ta kunna fitilar caji, aka ci gaba da hira.

“Kuran ɗin nan daga Lagdo yake zuwa,” in ji Alhaji, mijinta. “Ku kuna kukan ruwa ya yi muku yawa a Satumba, mu muna kukan ya yi mana kaɗan a Afrilu. Ruwa ɗaya ne fa.”

Shi ya bayyana mini cewa arewacin Kamaru yana da layin wutarsa daban da na kudu. Yawunde da Duwala suna shan wutar kogin Sanaga, inda aka kammala babbar madatsar Nachtigal mai megawat 420, amma Ngaundere da Garwa da Marwa sun daɗe suna rataye a wuyan Lagdo da injunan dizal irin na Jambutu. Akwai aikin haɗa layukan biyu, a kuma ja waya har Cadi, da kuɗin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka. Alhaji ya ce in an gama zai gani.

Bayan an kai amarya muka nufi Lagdo, ni da shi a motar wani abokinsa mai sayen kifi. Ana bin hanyar Ngaundere kudu, sannan a ratse gabas. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar bangon. Tsawonsa mita 308 ne, tsayinsa mita 40, an ɗora shi a matsatsi tsakanin duwatsu biyu, amma ruwan da ya tare ya shimfiɗu a murabba'in kilomita 586. Ka tsaya a gaɓa ba ka hango ƙarshensa, sai tsibirai da kwale-kwale cikin hazo. Ƴan ƙasar Sin ne suka gina shi tare da ma'aikatan Kamaru daga 1977 zuwa 1982, zamanin Ahmadu Ahidjo, wanda shi ma ɗan Garwa ne. Injuna huɗu aka sa, kowane megawat 18, jimla 72. A lokacin an ga kamar wutar ta ishi arewa har jikoki.

Ba a barin mutum ya matsa kusa da ɗakin injuna, don haka muka sauka wajen masunta. A can Hausa ta fi ko'ina kauri. Akwai Sarkawa da iyayensu suka biyo kifi daga Kabi da Yawuri, akwai Musgum da Kotoko daga bakin Logon, kowa da irin komarsa. Wani dattijo yana gyaran raga a inuwar rumfa, na gaishe shi, ya ji harshena ya ce, “Ɗan Yola ne, ka zo ganin abokin gaba?” Aka yi dariya. Ya nuna mini farin zane a jikin dutse, can sama da inda ruwan yake, ya ce nan yake kaiwa a ƙarshen damina. Daga nan sai ja da baya har bazara. Ya ce kuma ƙasan tafkin yana cikewa, domin duk gonar da aka sare a sama, ƙasarta nan take gangarowa.

Na ce, “Baba, da can da yanzu wane ya fi kifi?”

Ya ce, “Da can kifi ya fi mutane. Yanzu mutane sun fi kifi.”

A shekarun da ruwan sama ya gaza, kamar 2020 zuwa 2021, injunan nan ba su iya ba da ko kusa da abin da aka gina su domin shi ba, garuruwan arewa suka sha duhu. A shekarun da ya yi yawa kuma dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba bangon ne zai shiga haɗari. Madatsar da aka tsara ginawa a ɓangarenmu, a Dasin Hausa cikin ƙaramar hukumar Fufore, domin ta tare abin da aka sako, har yau tana kan takarda. Na tsaya a wurin ina jin nauyin zagin da muke yi wa Lagdo kowace shekara. Abin da na gani a gabana ba mugunta ba ce, tulu ne da ya yi wa damina kaɗan kuma bai isa rani ba. Matsalar ƙasar nan ba rashi ba ce kawai, rashin wurin ajiya ne, kuma wannan tunanin ya bi ni har Marwa.

Motar Marwa ta tashi da sassafe. Bayan Pitowa ƙasa ta fara bushewa, duwatsu suna tasowa ɗaiɗai, tarin auduga fari fat a bakin ƙauyuka ana jiran motocin kamfanin auduga na Sodecoton. Na sauka a mararraba na hau acaba zuwa Gidar, domin ɗan Adda ya ce haramun ne mai sana'ata ya wuce bai leƙa ba.

Gaskiyarsa. Ni da na saba ɗora faranti goma ko ashirin a kan ƙarfe, sai ga fili guda shimfiɗe da su layi-layi, suna kan sanduna masu juyawa suna bin rana daga gabas zuwa yamma. Kamfanin Scatec na ƙasar Norwe ne ya kafa wannan tasha da ƴar'uwarta ta Marwa, a ƙarƙashin wani reshensa mai suna Release, aka ƙaddamar da su a 2023. Lokacin da aka buɗe su, su biyun suna ba da megawat 36, da batura masu ajiye megawat-awa 19. Abin da ya bambanta aikin shi ne ba sayar da kayan aka yi ba, haya aka ba kamfanin wutar Kamaru. A haɗe suke zuwa cikin kwantena, a warware su a kafa cikin watanni, in haya ta ƙare ana iya naɗe su a kai wani wuri.

Mai acaban da ya kai ni ya taɓe baki da na gaya masa haka. Ya ce, “Kayan aro ba ya rufe katara, Malam.” Ban yarda da shi duka ba. Ƙasar da ba ta da kuɗin saye a hannu, haya ta fi mata zaman duhu, kuma dizal ɗin da ake jawowa a tanka daga kudu shi ma ba kyauta ba ne. Amma da na yi lissafin baturan daga bakin waya, na ga abin da yake nufi ta wata fuskar. Megawat-awa 19, in aka ja su da ƙarfinsu na megawat 20, ba za su cika awa ɗaya ba. Ba domin raya dare aka sa su ba, domin daidaita layi ne idan gajimare ya gifta ko buƙata ta tashi farat ɗaya. Babban amfanin tashar a wani wurin yake: duk awar da rana ta ɗauki nauyin gari, Lagdo tana riƙe ruwanta sai dare. Wato tsohuwar madatsar Sinawa ita ce baturin sabbin farantan Norwe, ko da waɗanda suka gina ta ba su taɓa tsara haka ba.

Na kuma lura da ƙura. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi yana sauka a kan gilashi kamar yadda yake sauka a kan komai, kuma farantin da ya yi ƙura wutarsa raguwa take yi. Zafi ma haka: sama da digiri 25, kowane ƙarin digiri yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari na abin da faranti ke bayarwa. Mutane suna zaton inda rana ta fi ƙuna nan sola ta fi aiki. Haske take so, ba zafi ba. Wannan kullum sai na maimaita wa masu gonakin da nake yi wa aiki, kullum kuma sai sun kalle ni kamar ina kare kaina.

A Figil mota ta tsaya shan mai. Garin fari ne da ƙurar farar ƙasa, bututun masana'antar siminti ta Cimencam yana tsaye a gefe. Na sayi kilishi na koma kujerata, ban san cewa da dare za a kawo mini maganar wannan bututun ba.

Marwa garin darbejiya ne. Titunan tsakiyar gari suna cikin inuwa, Mayo Kaliyawo kuma ya ratsa gari ba ɗigon ruwa a samansa, sai yashi, yara suna ƙwallo, mata suna tona rami suna ɗiban abin da ya tsatso. Ɗan Adda ya tarye ni a tasha ya karɓi jakata. Ɗaki yake haya da wani abokin karatunsa, Bahaushen Injamena, wanda kakansa ya tashi daga Kano da niyyar aikin hajji ta ƙasa, ya tsaya a Cadi neman guzuri, zama ya kama shi.

Ko ruwa ban gama sha ba aka jawo ni bayan ɗaki. Abin da ya ce in ban gani ba na tsufa, ga shi: robar fenti mai murfi, da faifan ƙarfe marasa tsatsa guda biyu a tsaye a ciki, an raba tsakaninsu da wani kyalle mai kauri, ruwa da ɗan soda irin ta masu sabulu, wayoyi biyu sun tafi kan faranti ɗaya da aka jingina da bango. Da ya haɗa wayar sai ƙananan kumfa suka fara tashi a jikin ƙarafan. Siririn tiyo ya fito daga ɓangare ɗaya ya shiga kwanon ruwan omo. Ya bari kumfa ta taru, ya cire tiyon ya nisanta shi, ya ɗaura ashana a bakin kara ya miƙa. Fau! Akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.

“Kawu, ka ga wuta?”

“Na ji ƙara dai.”

“To haka take. Harshenta da rana kusan ba a ganinsa.”

Ruwa, in ji shi, haidurojin ne da oksijin a haɗe. Lantarki yana raba su, ɗaya ya fita ta wannan ƙarfe, ɗaya ta wancan. Kyallen tsakiya shi ke hana su cakuɗuwa, domin in suka haɗu a rufaffen wuri, bam ka haɗa. Haidurojin yana kamawa da wuta ko da kashi 4 cikin ɗari ne na iskar ɗaki, har zuwa kashi 75. Na ce masa uwarsa ta san abin da yake yi? Ya ce ta san yana karatu.

Ni mutumin lissafi ne, don haka na tambayi abin da kowane mai gona yake tambayata: nawa yake ci, nawa yake bayarwa? Bai ɓoye ba. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin lita 9 na tsabtataccen ruwa a lissafin littafi, a aikace ninki biyu ko uku in an haɗa da tacewa da sanyaya inji. Wuta kuma yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin mita, a na'urar kirki ba robar fenti ba. Ƙarfin da ke cikin kilon kuma yunit 33 ne, in ka ce za ka mai da shi lantarki kusan rabi zai sake zubewa. Na ƙirga da yatsu. Faranti mai wat 550 yana ba ni kamar yunit biyu da rabi zuwa uku a yini mai kyau. Ashirin ke nan, su yi yini cur, domin kilo ɗaya.

Na ce, “A garin da ake ɗauke wuta ana tsakiyar tuwo, ka zuba yunit hamsin ka kwashi goma sha bakwai? Wannan ai ba ciniki ba ne.”

Daga nan hira ta yi daɗi. Muka fita wajen mai shayi a Domayo, wasu abokansu biyu suka same mu, aka yi ta yi har dare ya raba.

Ɗan Injamena shi ya fi su sanin abin da ke gudana a waje. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini wata taswira mai launuka, aikin da ake kira H2Atlas-Africa. Ma'aikatar ilimi da bincike ta Jamus ce ta biya kuɗinsa, cibiyar bincike ta Jülich ta jagoranta, tare da cibiyar WASCAL ta Afirka ta Yamma mai hedikwata a Akara da takwararta SASSCAL ta kudancin Afirka. Wanda ya kula da aikin ma ɗan Najeriya ne, Dokta Solomon Agbo. Sun auna rana da iska da ruwan ƙarƙashin ƙasa da filin da ba gona ba ne ba kuma gari ba, yanki-yanki. A watan Mayun 2021 aka fitar da sakamakon Afirka ta Yamma: ana iya samar da haidurojin da ya kai terawat-awa 165,000 a shekara, kusan ninki 1,500 na abin da Jamus ta yi hasashen za ta buƙata a 2030.

“Yanzu duba nan, Kawu,” in ji shi, shi ma ya ari sunan. Ya ja taswirar da yatsa zuwa gabas. Launi ya bi Barno da Adamawa, ya zo kan iyaka ya tsaya cak. Kamaru da Cadi babu komai. An yi aikin ne a kan ƙasashen ECOWAS 15 na lokacin da ƙasashe 16 na ƙungiyar SADC ta kudancin Afirka, su kuwa ba sa cikin ko ɗaya. Jimeta tana da launi, Garwa da ke shan kogi ɗaya da ita ba ta da shi.

Abin bai tsaya a taswira ba. A 2021 aka buɗe karatun digiri na biyu a kan makamashi da haidurojin mai tsabta, wato wanda ake rabawa daga ruwa da wutar rana ko iska, a ƙarƙashin WASCAL, aka ɗauki ɗalibai 60 daga ƙasashen ECOWAS, ana koyarwa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'o'in Lome da Abijan da Dakar, sannan a je Jamus a ƙarasa bincike. Ɗan Adda ya san tsarin karatun kamar shi ya rubuta. Uwarsa ƴar Najeriya ce, amma shi takardunsa na Kamaru ne. Ya faɗi haka yana dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ban ga laifin Jamusawa a nan ba, kuma na faɗa musu. Mai kuɗi yana aiki da ƙungiyar da ya samu a tsaye, kuma ɗalibi sittin da suka koyi abin ba ƙaramin alheri ba ne. Masu shirin ma suna cewa buƙatar gida ce gaba kafin a yi maganar fitarwa. Amma mutum ya dubi inda manyan kuɗi suka nufa. Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin shigo da tan miliyan 10 na haidurojin mai tsabta zuwa 2030. Aikin Hyphen na dala biliyan 10 yana Namibiya kusa da Luderitz, manyan ayyukan Muritaniya suna fuskantar Atlantika, ƙawancen haidurojin na ƙasashen Afirka da aka kafa a 2022 kuma ya fara ne da Masar da Maroko da Muritaniya da Namibiya da Kenya da Afirka ta Kudu. Kowace a cikinsu tana da bakin teku da tashar jirgin ruwa. Daga Marwa zuwa Duwala ya haura kilomita 1,300. Ko an zana mu a taswira, ba wanda zai zo nan ya yi gas domin ya kai Hambug.

Sai ɗan Adda ya ce ai nisan shi ne hujjarsa. Ya ce in manta da maida haidurojin lantarki, in tuna buhun yuriya. Duniya tana samar da haidurojin fiye da tan miliyan 90 a shekara tun kafin a fara wannan surutu, kusan duka daga iskar gas da kwal, kuma babban kaso yana tafiya ne wajen haɗa amoniya, uwar takin zamani. Yuriyar masana'antar Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, haidurojin ɗinta daga gas yake. Haɗa buhu mai kilo 50 yana cin kamar kilo 5 na haidurojin. Kamaru kuwa daga waje take sayo takinta, ya sauka a Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya hau tirela ya gangaro dutse, kowane zango da kuɗinsa. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi, manoman auduga da masara na nan sun ga abin da hakan ke nufi.

Na sake ƙirgawa. Kilo biyar, wajen yunit 270, farantaina ashirin su yi kwana biyar, ban da wutar matse naitirojin daga iska da ta haɗa amoniyar. Ruwan kuma bai cika duro ɗaya ba. Wannan ya ba ni mamaki, domin tun da na ga yashin Mayo Kaliyawo nake shirin kafa musu hujja da ruwa. Duro ɗaya, kadadar albasa tana shanye ninkinsa ɗaruruwa a ban-ruwa guda. Kuma taki ba ya zubewa kamar cajin batir. Ka haɗa shi da ranar Maris, ka jibge a sito, ka zuba a gona a Yuli. Ga ajiyar da nake ta juyawa a raina tun daga Lagdo.

Wani daga cikin abokan ya ce kuma ba sabon abu ba ne a Afirka. Masar ta fara haɗa taki a Aswan a 1960 da haidurojin da aka raba daga ruwa da wutar madatsa. Kamfanin Sable na Zimbabuwe ya yi haka da wutar Kariba daga 1972 har 2015, ya daina da wutar ta yi masa tsada da ƙaranci. A Kenya, kusa da Naibasha, wani kamfanin Amurka mai suna Talus ya kafa wa wata babbar gona ƙaramar na'ura mai aiki da rana, tana fitar da kamar tan ɗaya na amoniya a yini. Ɗan Adda ya ƙara da cewa yuriya tana buƙatar iskar kabon, ita ce kuma bututun Figil ke furzarwa sama kullum in ana gasa farar ƙasa.

Na ce masa ya bi a hankali. Labarin Zimbabuwe gargaɗi ne, ba kirari ba. Na'urar raba ruwa ba ta son a kunna a kashe, injin amoniya ya fi ta ƙin haka, yana aiki da matsi da zafin da ba a wasa da su, kuma ranar da wani ɗan bawul ya lalace sai an jira shi daga wata nahiya. Na ga famfunan sola nawa da ƙungiyoyin agaji suka kafa da biki da ganga, bayan shekara biyu suka mutu saboda na'urar da kuɗinta bai kai na ragon da aka yanka ranar buɗewa ba? A nan ɗaliban suka yarda da ni fiye da yadda na so. Suka ce a wasu ayyukan haɗin gwiwa da suka ji labari, aikin ɗan gida shi ne ya auna rana da ƙura ya aika, a can a yi nazari a rubuta, sunansa ya fito a layin godiya in ya yi sa'a. Abin da suke so a kawo musu shi ne na'ura ɗaya ta gaske da izinin kwance ta.

Labarin da ya fi kama ni, ni mai bin masu haƙar burtsatse, ɗan Injamena ne ya kawo shi da shayi na uku. A 1987, a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, arewa maso yamma da Bamako, an haƙa rijiya ana neman ruwa ba a samu ba, sai wata iska ke fitowa daga ramin. Wani ya matso da taba a baki, wuta ta tashi ta ƙone shi. Aka toshe ramin da siminti. Bayan shekara ashirin da wani abu, kamfanin attajirin nan Aliyu Bubakar Jallo ya sake buɗe shi, aka auna aka tarar kashi 98 cikin ɗari haidurojin ne, ƙasa ce ke haɗa abinta. A 2012 aka sa inji ya fara ba ƙauyen wuta da shi. Masana daga Faransa sun zo sun yi nazari sun wallafa a 2018, yau kuma ana haƙar neman irinsa a Ostareliya da Amurka da Faransa. Na tuna ramuka nawa muka toshe muka tafi saboda ba ruwa, ba wanda ya taɓa sa musu abin awo.

Kafin in juyo na ce su kai ni inda ake noma. Muka je Miskin, bayan gari kaɗan, inda albasa ke kwance kore shar a tsakiyar rani, can nesa kuma gonakin masakwa a kan baƙar ƙasa mai tsagewa. Injunan ban-ruwa suna ta ƙara a bakin rijiyoyi, kowane da galan ɗin zuwa-zuwa a gefensa. Mai gonar da muka tarar Bahaushe ne, dattijo mai fara'a. Ɗan Adda ya fara yi masa bayanin taki daga rana da iska, ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce Allah ya sa albarka a karatu. Sannan ya juyo gare ni, tun da an ce masa ni ne mai sola.

“Malam, rijiyata gaba shida ce. Faranti nawa za su ja mini ruwan da injin nan yake ja, kuma jaka nawa?”

Na tsuguna na zana masa a ƙasa: faranti shida, famfo mai nutso, ba batir, rana ta fito ruwa ya fito. Ya ce da la'asar fa, in rana ta yi sanyi? Na ce ya gina tafki ɗan madaidaici a tudun gonar, a cika shi da hantsi. Muka yi ta ja-in-ja a kan kuɗi, shi yana lissafi da sefa ni da naira, ɗan Injamena yana canzawa a waya. Ba mu daidaita ba, amma ya karɓi lambata ya ce in ya sayar da albasa zai kira.

A tasha ɗan Adda ya miƙo mini takarda a ninke. Abubuwan da yake so in nemo masa ne: faifan ƙarfe mai lamba 316, na'urar daidaita wuta mai jure amfiya talatin, da ɗan agogon auna gudun iska a tiyo. Na farko da na biyu na same su a kasuwar Jimeta a mako guda. Na ukun na sa wani abokina ya duba Sabon Gari a Kano bai samu ba, ya ce sai dai Alaba a Legas, in ma can babu to a yi oda daga Sin, wata biyu.